Layi Ɗaya Ya Fito

Yaya Sauda,

Assalamu alaikum daga Alƙahira. Yaya ƙafar Inna, da mutanen Gumel? Ni lafiya lau, kada ki tayar mata da hankali.

Murja 'yar Maigatari, ƙawata tilo a nan, ta haihu. Ranar da zan je barka na tashi da mura, maigidana ya sayo mini abin gwajin korona na gaggawa. Layi ɗaya ya fito, wato babu. Na je, na rungumi jaririn.

Bayan kwana biyu zazzaɓi ya rufe ni, gwajin asibiti ya ce akwai. Likita ta ce na gaggawar yakan kasa ganin cutar tana sabon shiga, da na jira na sake gwajin.

Kwanana shida a ɗaki ni kaɗai, littattafan labari ukun da na taho da su har na haddace. Ki roƙi Kawu ya sa jaririn a addu'a, an ce jikinsa da zafi. Sau huɗu na tura wa Murja saƙo, ta gani, ba ta amsa ba. Da a littafi ne, Yaya, da tuni ta ƙwanƙwasa mini ƙofa.

Ƙanwarki,
Jannatu