Sunanka a Kundin Matattu

"Baiwar Allah, angon naki ai ya rasu."

Da wannan albishir magatakardan ofishin rajistar aure ya tarbe ni yau, ya sanyin idona, ya inuwata in rana ta take, ya ruwan farko a kan busasshiyar ƙasa! Na ce masa mamacin ya kira ni da safe yana tambaya ko na karya. Bai yi dariya ba.

Da isata na cike fom da sunan da na san ka da shi, wanda na shekara uku ina gwada zamansa kusa da nawa a bayan littattafan jami'a. Na miƙa ambulan da ka ba ni a manne: takardar haihuwa, katin shaida, gwajin jini, hoto huɗu. Fuskar taka ce. Sunan da ke jikin takardun kuwa na ɗan'uwanka ne da kuka zo duniya tare, wanda ka ce zazzaɓi ya ɗauke kuna da shekara huɗu. Magatakarda ya shiga ɗakin ajiya, ya fito da kundi mai warin jiƙaƙƙiyar ƙasa, ya lashi yatsa yana buɗawa. Ga sunanka a layin matattu, da shuɗiyar tawada, da sa hannun Babanku, Allah ya jiƙansa. Shekara ashirin da bakwai ke nan da hukuma ta binne ka.

Wai yakan faru: uba cikin ruɗu ya zari takardar haihuwa ɗaya cikin biyu. "Goge ki sa na katin," in ji shi, "mu liƙa sanarwa, sati uku an gama. Takarda ba ta san fuska ba." In na ƙi, sai uwa ko uba ya tsaya gaban alƙali ya rantse a kan wanda aka binne.

Mama kaɗai ta rage.

Ka tuna ranar da ka kai ni gaishe ta? Ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, ka riƙe lema a kaina kana jiƙewa, ina cewa a raina wannan bawan Allah da kirki zai kashe ni. Mu biyu muka zauna, ta kawo kofi uku. Da za ta kira ka sai ta dakata, ta dube ka kamar mai karanta wasiƙar da ruwa ya taɓa, sannan ta ce "kai". Ban taɓa jin sunanka a bakinta ba. Na ɗauka kara ce irin ta iyaye.

Don me ka manne ambulan, ya farin watana? Kada in gani, ko kada ka gani? Baba ne ya yi kuskure, ko gidanku ne ya shekara da shekaru yana kiran mai rai da sunan wanda ya tafi? Digirina biyu, ga ni a bencin ofishin ban san sunan wanda nake so ba! Amma na san tarinsa a waya, na san takunsa a matakala, na san yadda ƙirjina ke tashi kamar tsuntsayen da aka watsa wa tsakuwa in ya yi sallama.

Ba zan goge kome ba, ba kuma zan ɗaura aure da zato ba. Ka zo mu je wurin Mama ranar Asabar. Na san tambayar za ta tone mata kabari. Zan riƙe hannunta, kai ka yi ta. Sunan da ta faɗa, da shi zan kira ka har haƙoranmu su zube. In ta ce ita ma ba ta sani ba, sai ka zaɓa da bakinka, a gabana.

An tashi aiki. Na karɓi sabon fom, na bar gurbin ango fari fat. Mai gadi ya tura ƙofa a bayana, na ji sakata ta faɗa. Na tafi in jira ka.

Taka har abada,
ko wane ne kai.