Tudun Bayan Kicin

Zuwa ga mai ɗakina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Mama da sauran mutanen gida. Yaya ƙarfin jikinta? Ni lafiyata ƙalau. Ina zuwa aji, ina dawowa, ina kunna fitilar falo ko da yake babu mai zama a ciki.

Na san ba jinyar Mama kaɗai ta tafi da ke ba. Kin ce tun da muka rasa 'yarmu Gimbiya ban ambaci sunanta ba, kuma ba za ki iya zama da mutumin da ya koma dutse ba. Ban musa ba, domin gaskiya kika faɗa.

Dalilin wannan takarda shi ne tudun yumɓun nan na bayan kicin. Za ki tuna ni da ita muka gina shi kusa da indararo, ranar da ta tambaye ni me ya sa duwatsu ba sa ƙarewa alhali ruwa yana cin su. Na bayyana mata cewa a ƙarƙashin ɓawon duniya akwai wani sashe mai zafi da ke motsi a hankali. Idan ruwa da iska suka zaizaye dutse, nauyinsa ya ragu, sai wannan sashe ya sake ɗago shi. Ta ce ashe dutse kamar Baba ne a kan katifa. Daga nan ta danna tafinta a gefen tudun, wai ta sa hannu.

Shatin tafin yana nan. Hadari ya fara haɗuwa da yamma, don haka na kife babban bahonki a kai, ni da na tsufa ina koya wa ɗalibai cewa ba a hana ruwa aikinsa. Ina so ki zo ki gani kafin damina ta kankama.

Ki gaishe da Mama.

Mijinki.

Zuwa ga Maman Gimbiya,

Ina gaishe ki, ina kuma tambayar lafiyarki da ta Mama. Ban sami amsarki ba, ban kuma ga laifinki ba.

Shekaranjiya an yi ruwa da iska ina tsakiyar darasi. Na hango ta taga, amma na kai darasin ƙarshensa kamar yadda ya kamata. Da na isa gida, iska ta jefar da bahon jikin katanga, tafin kuma ya tafi. Na zauna a ƙofar kicin da jakata a hannu, na yi ta kiran sunanta. Maƙwabciyarmu ta leƙo, ta koma.

Akwai abin da ban kai ga koya wa Gimbiya ba: zaizaya ba ɗauka kaɗai take yi ba, tana kuma fito da abin da ke binne. A gefen da ruwa ya ci, mariƙin cokali ya bayyana. Cokalin shayinki ne, wanda kika dage cewa ni na kai ofis ina tonon ƙasa da shi. Ina zaton ta soka shi ne ya zama ginshiƙi, domin bayanina bai gamsar da ita ba. An wanke ni daga zargi, amma ban ji daɗin wankewar ba.

Ban zare shi ba. Na mayar da bahon kicin, ba zan sake rufe tudun ba. Kowane ruwa zai ƙara fito da cokalin, har ranar da zai faɗi da kansa. Ina roƙonki, kada ki bari ya faɗi ina ni kaɗai a gidan nan.

Naki har kullum,

Baban Gimbiya.