Ina Tsoron Wanke wa Batulu Kai

Anti Bilkis, don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan tambaya. Ni 'yar aji biyar ce a sakandare, a Agege muke zaune. Ƙanwata Batulu shekararta shida. Ta daɗe tana fama da ciwon kunne, har ta kai sai an ɗaga murya take ji. Bayan ƙaramar Sallah aka yi mata aiki, aka sa mata ɗan bututu a dodon kowane kunne. Alhamdulillahi, yanzu ko raɗa aka yi tana ji.

Ranar da aka sallame ta Baba ne ya ga likita. Ya dawo ya ce an ce a kula da ruwa, iyakar abin da ya riƙe ke nan. Tun ranar Umma ta hana ruwa taɓa kanta. Daga wuya zuwa ƙasa nake yi mata wanka. Kitson kafin aikin ne a kanta har yau, ga susa, ga zafin Legas, kuma ya fara wari. Yaran Islamiyya sun daina zama kusa da ita. Jiya ta ɓuya a bayan ƙofa tana kuka, wai ba za ta ƙara zuwa ba. Ga shi makarantar bokonsu za ta kai su wurin iyo a ƙarshen zango, ko maganar ban iya yi a gida ba.

Na taɓa ɗauko bokiti don in wanke mata kai da Umma ta tafi kasuwa, sai na fasa, na ajiye. Idan ruwa ya shiga ta koma ba ta ji fa? Kuma ina jin nauyin in nuna wa Umma ta yi kuskure, don ita ta sha wahalar jinyar.

Yayar Batulu, Agege

'Yata, kin kyauta da kika ajiye bokitin. Ba don wankin zai kurmantar da Batulu ba, sai don abin da aka yi a ɓoye ba zai cire wa Umma tsoro ba. Tsoronta na da dalili, sai dai ya wuce abin da likitoci ke nufi.

Yara masu irin wannan bututun ana wanke musu kai. Ruwan sabulu ne ya fi saurin kutsawa, saboda haka a shafa wa auduga basilin, a toshe bakin kunnen kawai, ta kwantar da kai baya, a zuba ruwan a hankali. Idan an gama, a cire audugar, a goge wajen kunnen da tawul. Kada a cusa tsinke, kada a ɗiga mai ko maganin gida. Shafar kunne a alwala ba matsala.

Iyo a ruwa mai tsabta yawancin likitoci ba sa hanawa, muddin ba nutso za ta yi ba, amma a tambayi nata likitan tukuna. Ruwan kwata, na ambaliya da na tafkin Legas kam, ta yi nesa da su. Idan kunnen ya fara fitar da ruwa ko ciwo, a kai ta asibiti. Yawanci maganin ɗigawa ke warkar da shi.

Ba sai kin ce Umma ta yi kuskure ba. Ki faɗa mata abin da yaran Islamiyya ke yi, ki roƙi ku koma wajen likitan cikin makon nan, ta ji da kunnenta. Ranar wankin, ita ta sa audugar, ke ki zuba ruwan.

Allah ya ƙara wa Batulu lafiya, ke kuma ya yi miki albarka.

Anti Bilkis