Kwana Ashirin da Takwas a Ruwa

Litinin, 3 ga Maris

Ka yi haƙuri, littafi, yau ma kai zan dama. Kamfanin waje da ke gina sabuwar gada ya turo injiniyansa ɗakinmu na gwajin kankare. Mai Agogo muke ce masa, don ba ya jimla biyu bai kalli hannunsa ba. Samfuran ginshiƙan gadar suna kwance a kwamin ruwa, yau kwanansu bakwai. Wai in fasa su yanzu a gwada ƙarfinsu, in sa hannu, a ɗora benen gadar. Ta bakin tafinta ya ce a ƙasarsu haka ake yi. Dokarmu kuwa kwana ashirin da takwas ta ce. Na ce masa ya yi haƙuri. Sau uku na faɗa, na ƙirga.

Laraba, 5 ga Maris

Darakta ya kira ni. Ya ce aikin gadar yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ce, ta fi ƙarfin kaina, kuma sito na neman mai tsaro in na gaji da ɗakin gwaji. Na gane. Na roƙi aron yarjejeniyar. Ya yi dariya ya turo mini, kaurinta ya kai bulo.

Lahadi, 9 ga Maris

Kwana huɗu ina bin ta da yatsa, layi-layi, yadda Malam ya koya mana a allo: ba a tsallake abin da ba a gane ba. Shafi na ɗari da sha ɗaya: in ƙa'idar kamfani ta saɓa da dokar ƙasar da ake aikin, ta ƙasar za a bi. Su da kansu suka sa hannu. Na naɗe kunnen shafin. Allah Ya yafe mini, na ji daɗi fiye da kima.

Talata, 11 ga Maris

Na nuna wa Darakta. Ya karanta sau biyu, ya miƙo mini. Maganar sito dai ba ta mutu ba.

Asabar, 15 ga Maris

Autanmu ya zo, shi da ke ɗaurin rodi a gadar. An tsayar musu da aiki saboda ni. Ya ƙi zama a kujera. Wai leburori sun sa mini suna Mai Jiƙon Dutse.

"Yaya, ko wake ne ai ya ci a ce ya jiƙu."

Na yi dariya, shi bai yi ba. Na ce 'ya'yansa ma ta kan gadar za su riƙa bi. Ya ce kafin su bi ta kai sai sun ci abinci. Na zuba masa abinci a kula ya tafi da shi.

Litinin, 24 ga Maris

Cikon kwanaki. Na tsamo samfuran, na goge, na auna, na sa a injin matsa. Mai Agogo a tsaye, Darakta a bakin ƙofa. Shida duka sun ci gwajin, na ƙarshe da ƙyar. Na sa hannu.

Auta ya kira: "To me kika tsinta, Yaya?" Na ce jiya zato muke, yau mun sani. Ya ce kular tana nan, zai dawo da ita.

Alhamis, 27 ga Maris

Ba wanda ya ƙara ambaton sito. Mai Agogo ya kawo sababbin samfura da hannunsa, ya tambayi tafinta inda Malama take so a ajiye. Ko kallon agogo bai yi ba.

Biyu daga ciki babu ranar zubin kankaren a jikinsu. Na rubuta wa kamfanin takarda. Sai da masinja ya tafi na duba kwafin, na ga babu "ku yi haƙuri" ko ɗaya a ciki. Mantuwa ce, ina jin. Layin ƙarshe kawai na sa: "A ba ni amsa da wuri."