Raga a Bangon Ɗakina

Maraɗi, unguwar Zariya
4 ga Afrilu, 1994

Zuwa ga yayata Tsahara,

Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigida da yara da jikoki. Yaya zafin Tsibiri? Yaya ƙafar nan taki, ta daina kumburi? Mu nan lafiya lau muke, in aka cire bangon ɗakina, wanda saura kaɗan ya faɗo mini a ka.

Yaya, gyara zama, yau ƙara na kawo. Kin san watanmu uku ke nan muna yajin aiki, lakwal, wato makarantar boko, a rufe. Ni na ce alhamdu lillahi, bari in karanta littattafan da na shekara ashirin ina tarawa. Shi kuwa maigidana Malam, da ya rasa ɗaliban da zai yi wa tsawa, sai ya koma kan samarin unguwa masu buga balo, wato ƙwallo. Bara 'yan Jiratawa suka fitar da su daga gasar kofi da bugun fenalti, wannan da ake ajiye wa mutum balo daga shi sai mai tsaron gida. Tun ranar abin ke cin sa. Ya rantse bana sai ƙafafunsu sun haddace fenalti kamar yadda yara ke haddace biyu sau biyu huɗu.

Ba su da fili, ba su da raga. Sai bawan Allah ya ɗauki igiyar awo ya bi gidajen layinmu, ya gano cewa bayan ɗakina faɗinsa daidai yake da faɗin raga, ko taƙi bai ragu ba. Ya shigo yana washe baki, wai magini ya san abin da yake yi. Ya zana raga da farar ƙasa. Yanzu kullum bayan la'asar bugu hamsin: ya kira suna, ya busa usur, sai dum! Ƙasa ta zubo mini a shafin da nake karantawa. Ginin ƙasa ne, Yaya, ba dutse ba. Tsaga ta riga ta fito daga gefen taga tana gangarowa, ga damina saura wata biyu. Ya ce in mai da littattafan ɗaya ɗakin. Ɗakin da gara ta cinye tabarma har da ƙusar da aka rataye ta!

Na gaya masa aikin banza suke yi. Fenalti ba a ƙafa take ba, a ciki take. A layinmu wa ke kallon su? Awakin maƙwabciyata Milka. Ranar wasa kuwa mutum dubu ne ke ihu a kansu. Shekara nawa muna ganin ɗalibi ya haddace darasi a gida, sufeto na shigowa aji ya manta har sunan ubansa? Malam ya ce gara wanda ya haddace, aƙalla yana da abin mantawa. Wannan maganar ta fi tsagar bangon ƙona mini rai.

Ga inda aka sa ni. Alhajin da ya sa kofin ya yi alkawarin ba ƙungiyar da ta ci fili da ƙarafan raga. In suka ci, sun bar mini bangona, amma Malam ke da gaskiya. In suka faɗi, ni ke da gaskiya, amma ya ce zai mai da bugun ɗari, don wai hamsin ce ta yi kaɗan. Ki taya ni addu'a, ko da yake ni kaina ban san wacce zan ce ki yi ba.

Ki gaishe da kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Zuliha


Maraɗi
9 ga Mayu, 1994

Yayata abin ƙaunata,

Ina gaishe ki da kyau. Na samu saƙon kuka da daddawa ta hannun direba, Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci. Ina fata an gama sharar gona lafiya.

Yaya, dimokuraɗiyya ta iso bangona. Kin san tun da aka yi babban taron ƙasa, ko gishiri za a sa a miya sai an kaɗa ƙuri'a. Samarin nan sun ce Malam ba zai naɗa masu bugun fenalti shi kaɗai ba, wai mulkin kama-karya ya wuce. Suka yi zaɓe a zaurenmu, da ƙwaryata ta fura a matsayin akwati. Hamidu mai shayi ya zo na ɗaya, ba don ƙafarsa ba, don a teburinsa suke hira. Shi ya sa aka ba shi bugun ƙarshe, bugun girma. Malam, wanda ya yi ta zanga-zanga a titi yana neman 'yanci, ya wuni yana cewa mutanenmu ba su shirya ba.

Ni kuwa, tun da an hana ni karatun littafi, na koma karatun bango. Ina zaune a ɗaki ina fuskantar sa, in ji Malam ya kira suna, in ga abin da ya girgiza. Wallahi yanzu ko ido a rufe na san su. Daniyel, ɗan Milka, kullum hannuna na dama, ƙasa-ƙasa, inda adakata take. Tanimu tsakiya yake ɗirkawa da ƙarfin tsiya, kamar bangon ya zagi uwarsa. Kalibu sama ta hagu, shi ya karya mini ƙusar madubi. Na huɗun wani siriri ne da ke bin Daniyel a komai, har a bugu. Shi kuwa Hamidu, hagu ƙasa, daidai bayan babban ƙamus ɗina na Faransanci. Sau goma sha ɗaya ƙamus ɗin nan yana faɗowa. Ko sau ɗaya bai taɓa kuskuren bugawa wajen agogo ba, can sama ta dama. Wannan shi ne abin da Malam ke kira horo: ya koya wa kowa ya zama jakin da ya san hanya ɗaya tak.

Sai dai dole in faɗi abin da ba na so. Jiya suka kara da Jiratawa a wasan kusa da na ƙarshe, aka tashi babu ci, aka je fenalti, suka zuba biyar cif. Malam ya shigo gida. Ya zauna, ya nemi ruwa, ya sha, ya dube ni, ya sake sha. Da ma zagina ya yi! Na ce masa mai tsaron gidan Jiratawa ne ya ci tuwo ya ƙoshi. Ya ce haka ne, Madam, ya ci gaba da shan ruwansa.

Tsagar ta kai ƙasa, ina iya hango ƙafar mai wucewa. An ce wasan ƙarshe da ku ne, 'yan Tsibiri, mako guda bayan Babbar Salla. Ban san kuna da ƙungiya ba ma.

A gaishe da ɗana Hafizu da maiɗakinsa Atika. Ina fata ɗinkin salla ya yi masa yawa.

Taki har kullum,
Zuliha


Maraɗi
25 ga Mayu, 1994

Yayata Tsahara,

Barka da salla, Allah ya maimaita mana. Ina fata kun yi layya lafiya. Gaisuwata gare ki ce da maigida da jikoki. Akwai mutum ɗaya a gidan da ban gaisar ba, kuma ya san kansa, don shi ke riƙe da takardar nan.

Shekaranjiya Atika ta kawo mini naman salla. Yarinyar kirki, ba ta san abin da ta ɗauko ba. Muna hira take ce mini Hafizu na son wasiƙuna ƙwarai, musamman ta watan nan, har ya kwafe ta a wata takarda ya liƙa a saman kekensa na ɗinki, yana kallo yana murmushi. Na ce ikon Allah, me ya gani a ciki? Ta ce ai Inna, shi ne mai tsaron gidan Tsibiri, shekara biyu ke nan.

Yaya, nan take na gane ɓarnar da na yi. Ni da nake ɗaki ina fuskantar bango, da mai tsaron gida da ke fuskantar masu bugu, ai waje ɗaya muke kallo. Haguna hagunsa ce, damata damarsa. Da an ɗauke ni aikin leƙen asiri ba zan rubuta abin da ya fi wannan tsabta ba.

Kai Hafizu, da kai nake. Ni na goya ka lokacin da uwarka ke jego na biyu. Ni na koya maka a, ba, ca, da a ƙasan tsakar gida da tsinke. Ashe wuƙar da za ta yanka ni nake wasawa! Kana karanta wa uwarka kukan ƙanwarta, kana cewa Allah sarki Inna, hannunka kuma na neman fensir.

Amma Yaya, haushin da ya fi na kaina ne. Shekara ashirin ina rubuto miki kamar ke ke buɗe takardar ki karanta. Na san sarai ni kaɗai Baba ya sa lakwal, ke aka bar ki da daka da ɗaukar ruwa don in samu in tafi. Na sani, amma na saba da mantawa. Ban taɓa tambayar bakin wa maganata ke bi kafin ta iso kunnenki ba. Ki yafe mini.

Na gaya wa Malam. Na ɗauka zai yi faɗa, har na shirya amsoshi uku. Sai ya zauna bakin gado, ya cire usur daga wuyansa ya ajiye. Ban taɓa ganin sa haka ba, ko ranar da aka rufe lakwal. Sai a lokacin na gane bugu hamsin ɗin nan su ke tashin sa daga barci tun da aka raba shi da aji.

Abin da muka yanke bayan nan, ba zan rubuta ba. Ko sun sauya gefe, ko ba su sauya ba, mai karatu ya kwana yana tunani.

Sai mun haɗu ranar Lahadi a fili.

Ƙanwarki,
Zuliha


Maraɗi
6 ga Yuni, 1994

Yayata ta kaina,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya ruwa? An ce kun samu na shuka ranar Alhamis kamar mu. Allah ya sa damina mai albarka ce. Na san an ba ki labari a gida, amma daga bakin wanda ya faɗi kika ji, don haka ga na gaskiya.

Kwana huɗun nan ni na karɓi horo. Na ce wa Malam ya riƙe usur ɗinsa, ni zan kawo tsoro. Na sa kowa ya sauya gefe. Sannan na tara matan layi, Milka a gaba, da faranti da murafen tukwane da ludaya, muka tsaya a kan samarin. Kusan duk na koyar da su a aji, na san abin kunyar kowa. Tanimu na ɗaga ƙafa na tuna masa ranar da ya jiƙa wando gaban sufeto. Milka kuwa ɗanta ta fi tsananta wa, tana ce masa mai ƙafar agwagwa kamar dangin ubansa. Ranar farko rabin bugun a gidan maƙwabta ya sauka. Ranar ta huɗu sun fara jin mu kamar kukan kaji.

Ranar Lahadi na je fili, karo na farko a rayuwata. Aka tashi ɗaya da ɗaya, aka zo fenalti. Ina hango ɗanki ya zaro takarda daga safa yana dubawa. Daniyel ya buga hagu, shi ya faɗi dama, wajen adaka. Tanimu ya buga gefe, shi ya tsaya tsakiya kamar turke. Sai na ga ya dubo inda mata suke, ya nemo ni da ido, ya yayyaga takardar. Yaron nan ba wawa ba ne, jininmu ne. Ya gane an juya komai, ya juya shi ma, ya cafke bugun Kalibu kamar an miƙa masa jariri. Kunya ta hana ni, amma saura kaɗan in yi guɗa.

Aka zo uku da uku, naku sun gama biyar ɗinsu, saura Hamidu. Kwana huɗu ina ce masa agogo, Hamidu, agogo, sama ta dama. Ya ajiye balo. Na rufe ido ina ganin bangona a ƙasa, littattafaina cikin laka. Malam ya kama hannun wani tsoho da bai sani ba. Hafizu ya yi tsalle sama ta dama, kyakkyawan tsalle, daidai inda na ce a buga. Hamidu kuwa tsoro ya share masa duk abin da na koya masa. Ƙafarsa ta tafi inda ta saba, hagu ƙasa, wajen ƙamus. Balo ya shige yana tafiya a hankali kamar mai zuwa gaisuwa.

Har yau ba mu gama gardama ba. Malam ya ce ka ga, ƙafa ta haddace, kai ya manta ita ba ta manta ba. Na ce ai maganata ce ta fito, tsoro ya cinye darasi, kuma abin da ya ci mana kofi shi ne mai tsaron gida da karatu ya yi wa yawa. Ya ce haka ne, Madam, ya nemi ruwa.

Alhaji ya cika alkawari, an ba su fili can bayan unguwa. Ranar Talata samarin suka zo da laka da ciyawa suka toshe tsagar, suka yi wa bangon sabon yaɓe, Hamidu na ba kowa shayi. Ranar Alhamis ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Na zauna a ɗaki na sa tafin hannu a bango har aka ɗauke. Ko ɗigo bai shigo ba.

Yanzu la'asar na yi, ɗakin ya yi tsit, ƙamus na zaune a wurinsa, ni kuma in karanta layi ɗaya sau uku. Jiya suka sake zaɓe da ƙwaryata, wai ni ce shugabar masu ihu. Ni kaɗai na ƙi, aka kayar da ni. Gobe za mu fili da Milka da murafenmu.

Ranar Lahadi kuma ina nan tafe Tsibiri da allo da alli, kuma kowace Lahadi haka, ko an buɗe lakwal ko ba a buɗe ba. Kada ki ce kin tsufa. Bugu hamsin kullum za mu yi, na ga yana aiki, amma kada Malam ya ji na faɗa.

Kai kuma Hafizu, na gaishe ka, tsallenka ya yi kyau. Karanta wa uwarka wannan da ƙarfi, kada ka tsallake ko kalma, don kwanakin aikinka a ƙidaye suke.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Zuliha