Taubashina da Ruwan Abijan

Talata, 2 ga Maris 1965. Bwake.

Yau Hamani ya kashe ni da raina.

Muna ɗakin cin abinci na lakwal, makarantarmu ta aikin gona, ana fama da doya kamar kullum, sai Kwasi, ɗan ƙasar nan da muke benci ɗaya, ya tambayi Hamani me ke tsakaninmu da ba a ganin ɗaya sai da ɗaya. Ɗan banzan nan ya dafa kaina, ya ce da Faransanci, da ƙarfi, "Wannan? Bawana ne. Gadonsa na yi."

Hamani ɗan Kawu Kalla ne, wan Inna, ciki ɗaya. Taubashina. A Tamaske, garinmu, ɗan namiji ya ce ma ɗan mace bawa, ɗan mace ya ce mishi ɓarawo, a yi dariya a watse. Tun muna yawo ba wando yake ce mini haka. Amma nan Kodibuwar ce, ba Adar ba. Ba wanda ya yi dariya sai shi kaɗai. Kwasi ya dube ni sama da ƙasa, ya janye kwanonsa daga kusa da nawa.

Alhamis, 4 ga Maris

An rubuta mini shi da alli a jikin gadona. Bawa.

Na yi ma Kwasi bayani har bakina ya bushe. Na ce wasa ne na dangi, kakanmu guda. Ya ce, "E, duk haka kuke cewa." Wai a wurinsu ba a wasa da wannan kalma, wanda anka kira da ita to ita ce shi.

Ni da ake maganar za a zaɓa shugaban aji. Yanzu ko sunana ba a ambata.

Asabar, 6 ga Maris

Na sami Hamani yana wankin riga, na ce ya tashi gaban aji ya faɗi gaskiya. Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Tun yaushe taubashi ke ba da haƙuri? Kai dai ɗauko mini bokiti, bawa."

Wallahi tallahi sai na rama. Gwamnati ta turo mu koyon aikin gona, ba ta turo ni in zama abin nuni ba. Ko Kawu ne ya taso daga Buza da ƙafa ya roƙe ni, sai na rama.

Litinin, 8 ga Maris

Ban yi mishi magana ba. Ko a jikinsa.

Laraba, 10 ga Maris

Mushe, malamin ajinmu, ya ce ranar Juma'a za a kai ajinmu Abijan, mu ga tashar jiragen ruwa, Lahadi mu je bakin teku, Litinin mu koma. Kowa na murna. Ni tawa murnar daban.

Hamani bai iya ruwa ba. A Buza ya girma, bisa dutse, iyakar ruwan da ya sani na guga ne. Ni kuwa duk damina cikin tabki nake, ni ke shiga in koro shanun Baba in sun yi nisa. Na tuna shekarar da ya zo mana hutu, ruwa bai kai mishi cibiya ba ya kama ihu, "Wayyo Gwaggo!" har mata masu wanki sunka yi ta dariya.

To. Gaban kowa zan ce ya shiga in shi namiji ne. In ya shiga har ƙirji in nutsa in ja ƙafarsa. Ba kashe shi zan yi ba, Allah ya sani. Ihun nan kawai nake so su Kwasi su ji. Shi ma a laƙa mishi suna da zai bi shi har ranar da za mu koma Nijar.

Juma'a, 12 ga Maris. Cikin jirgin ƙasa.

Daji kore shar, ba ka ganin ƙarshen gona balle dutse. Hamani ya miƙo mini ayaba na ƙi karɓa. Ya ce, "Bawan nan ya fara girman kai." Da Hausa ya faɗa, amma dai.

Ci abinka. Saura jibi.

Asabar, 13 ga Maris. Abijan.

Gari ne, ba ƙarya. Gada bisa ruwa, motoci bisa gadar, jirage kamar an ɗora unguwa a kan ruwa. Mushe ya yi ta bayanin koko da katako, ban riƙe komi ba.

Da la'asar anka sake mu, ni da Hamani munka nemi mutanenmu a unguwar Tarashbil. Dole tare, Inna ta ce in na taɓa zuwa in gaida Baba Almu, ɗan unguwarmu da ke gasa nama a bakin kasuwa. Tsohon ya gane ni tun daga nesa. "Ɗan Tabawa! Kai ne ka zama haka?" Ya zaunar da mu bisa buhu, ya yanka mana mai zafi, ya tambayi ruwan bara da lafiyar kowa gida gida. Da ya ji wane ne Hamani sai ya ce, "A'a, ashe da ubangidanka ka zo!" Duk ƴan Adar da ke wurin sunka fashe da dariya, wani ya ce in tashi in yi mishi fifita.

Abin haushi, saura kaɗan ni ma in yi dariyar. A bakinsu kalmar ba ta da ƙaya ko ɗaya. Na danne. Ba su ne ke kwana a gadon da anka rubuta ma alli ba.

Na tambayi Baba Almu yadda tekun yake. Ya ce shi tunda ya zo garin nan bai taɓa sa ƙafa ba, ruwan da ba ya zama wuri ɗaya ba ruwansa da shi. Tsoron tsofaffi.

Lahadi, 14 ga Maris

Ba zan iya rubutu yau ba. Gobe.

Litinin, 15 ga Maris. Cikin jirgi, muna komawa.

Bari in rubuta yadda ta kasance.

Kar, babbar motar da ta kwaso mu, ta sauke mu bakin teku da hantsi. Ban taɓa ganin abu irin wannan ba, ruwa ba gaɓar can, shina tasowa shina faɗuwa da ƙara. Mushe ya ce kada kowa ya wuce gwiwa, ya tafi neman inuwa. Ƴan ƙasar ma iyakarsu jiƙa ƙafa. Na ce a raina, matsorata, ruwa ai ruwa ne.

Na tuɓe riga, na ce da Faransanci yadda kowa zai ji, "Ubangida, zo mu gani in kai namiji ne." Hamani ya tsaya ruwa iya idon sawu, ya ce, "Alƙasim, bar wannan abin, ba tabkinku ba ne." Na ce ku dube shi, mai bayi yana tsoron wanka. Wasu sunka yi dariya. Kai, ta yi mini daɗi! Na ja da baya ina kiransa, ruwa ga gwiwa, ruwa ga cinya, na juya ma tekun baya kamar yadda nake juya ma tabki.

Sai ƙasa ta gudu daga ƙarƙashin ƙafata. A tabki in ka tsaya ka tsaya. Wannan yana dawowa ne ta ƙasa ya kwashe ka. Wani abu ya buge ni a ƙeya, ya nannaɗe ni, ban san sama ba ban san ƙasa ba. Da na ɗago na ga mutane sun zama ƙanana. Na yi iyo da duk ƙarfina, irin wanda nake taƙama da shi, ina ƙara nisa. Gishiri a hanci, gishiri a ido. Na yi salati.

Abin da na gani na ƙarshe, Hamani ne a guje cikin ruwa da rigarsa da takalminsa. Mutumin da bai iya ko shawagin kare ba. Shina ihu da Hausa, wa zai ji shi, "Ɗan gwaggona ne! Me zan ce ma Gwaggo!"

Masunta ne sunka fitar da mu da igiya, mu duka biyu. Ni na amayar da ruwa na tashi. Shi igiyar ruwa ta maka shi da ƙasa, kafaɗa ta goce, ya sha fiye da ni. Da ya farfaɗo bai tambayi kowa ba sai ni.

Ihun da na so su ji, sun ji. Ba wanda ya yi dariya.

Ga shi can kujerar gaba, hannu a rataye. Haushinsa nake ji fiye da na da. Wa ya aike shi? Ko ramuwar ma sai da ya ƙwace mini.

Laraba, 17 ga Maris. Bwake.

Kwasi ya ce bai taɓa jin ubangijin da ya faɗa teku don bawa ba. Sai Hamani ya tashi gaban aji, ba wanda ya sa shi, ya ce ubansa da uwata nono ɗaya sunka sha, ya ce a ƙasarmu wanda ka fi so shi kake zagi, ya ce shi ne ya yi wauta da ya kawo wasan gida inda ba a san shi ba. Da yamma na tarar an goge allin. Kwasi ya zauna kusa da ni, har ya zuba mini miyarsa.

Da ya faɗi haka tun ranar da na roƙe shi fa? Sai da munka sha gishiri?

Na tare Hamani a bakin famfo, na ce, "Kada ka ƙara kirana da sunan nan. Ko da Hausa. Ko a gida. Har abada." Ya daɗe shina kallona. Ina jin ya san abin da ya sa na kira shi cikin ruwa, bai dai faɗa ba. Ya ce, "To."

Na ci nasara ke nan.

Lahadi, 21 ga Maris

"Ina kwana, Malam Alƙasim." Haka ya gaishe ni. Malam!

Alhamis, 25 ga Maris

An zaɓe ni shugaban aji. Ya zo ya ba ni hannun hagu, na dama na rataye, ya ce Allah ya taya riƙo, kamar wani baƙon da munka haɗu a gar, tashar jirgi. Da can cewa zai yi an naɗa jaki sarauta.

Daidai ne. Abin da na ce ya yi ke nan.

Talata, 30 ga Maris

Ya nemi aron bik na rubutu, ya ce don Allah, ya maido, ya ce na gode. Hamani. Wanda tun muna yara bai taɓa roƙon abina ba, ɗauka yake ya ce kayan bawa na ubangidansa ne.

Duk lakwal ɗin nan mu biyu ke jin Hausa. Yau na lura tun ranar famfo ban yi dariya da Hausa ba. Doyar nan ce ke ɓata mini ciki, ba wani abu ba.

Juma'a, 2 ga Afirilu

Da safe ya shiga wanka, na ɗauke takalminsa na tura ƙarƙashin katifata. Ramuwa ce, ban manta da komi ba.

Ya fito ba takalmi, shina ɗingishi bisa tsakuwa, ya duba nan ya duba can. Ya dube ni ina ta karatun kaye, littafin rubutuna, a juye. Ya ɗaga katifar da hannunsa mai lafiya. "Wane ɓarawon ba..." Sai ya kama bakinsa.

Na ce, "Ƙarasa mana, ɗan dutse, wanda bai iya wanka ba."

Ya ƙarasa sunan nan da na hana shi. A hankali, da Hausa, ba kowa a ɗakin sai mu.

Ban yafe mishi ba, kada ya ɗauka. Gobe gishiri zan zuba mishi a kafe, tunda ya saba sha.