Farar Mota Ranar Talata

Zuwa ga maigidana Delbert,

Gaisuwa mai yawa da kewa. Ya aikin haƙar man, ya sanyin can? Bayan naka ya saki kuwa? Mu nan sai godiya.

Yau na gano dalilin da ya sa matar da asibiti suka ce za ta riƙa zuwa koya wa ɗanmu Orrin magana ba ta taɓa ganinsa ba. Ashe duk Talata tana zuwa, ni ina kanti wurin aiki. Da Mama Verna ta hango farar mota mai tambarin hukuma, sai ta cusa yaron cikin kabad, ta fito ta ce ba kowa. Tun bara take haka! Da na tsare ta, ko gezau, cewa ta yi, "Ke yarinya, a irin motar nan aka kwashe mu zuwa makarantar kwana, na dawo ba yarenmu a bakina. Jikana dai sai bayan raina."

Mahaifiyarka ce, me zan ce mata? Ga ɗan naka ba ya ko kuka, shi ya sa ɓuyan bai taɓa tonuwa ba.

Na mayar da hutuna Talata.

Taka,
Twila

Delbert nawa,

Ina gaishe ka, da fatan tarin ya lafa. Mama ma tana gaisuwa.

Jolene sunan matar. A ƙasa take zama da jakar kayan wasanta. Kalma dai ba ta fito ba, amma ta koya wa Orrin haɗa yatsu in yana son ƙari. Har Mama ta sauko, tana soya mata burodi tana tsokanar ta wai ta rame.

Sai dai shirin nasu na tsayawa ne ranar da yaro ya cika shekara uku, kuma Orrin ya cika ran Asabar. Da Jolene za ta tafi ta ce, "Da tun bara muka fara..." sai ta ɗauki jakarta. Makarantar da za ta karɓe shi tana can birni, layi ya yi tsawo, motarmu kuma ka san halinta. Na gaji, Delbert. Na daina sa rai zan ji ya kira ni.

Yau Talata. Tun safe Mama ke tsaye da shi a bakin taga, tana duban hanya ko farar mota za ta ɓullo. Shi kuma sai haɗa yatsu yake yi.

Ka kula da kanka.

Matarka,
Twila